'Yan Kunnen Hermelinda

Zuwa ga ƙanena Gumersindo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Rosalba da yara.

Jikin Baba ya yi tsanani. Wainar masara ma ya daina ci, sai ruwan kofi. Likita ya ce mu yi masa duk abin da ransa ke so, shi kuwa abu ɗaya yake so, ya ji ƙarar ƙararrawar cocinmu ta Santa Brígida. Ka san labarin, ai ya ishe mu da shi tun muna yara: ranar da aka ƙera ta, Mama Hermelinda tana amarya ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta jefa cikin narkakken ƙarfen, kamar yadda matan gari suka yi. Ya ce tun rasuwarta a nan kaɗai yake jin muryarta. Da ruwan dam ya cinye garin aka kwashe cocin zuwa gidan tarihin da kake aiki, ya ce an raba shi da ita karo na biyu.

Kullum kana shara a ƙarƙashinta. Ka roƙi masu wurin a kaɗa masa ita.

Yayarka,
Eulalia

Yaya Eulalia,

Ina gaishe ki da girmamawa, ki gaishe min da Baba.

Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Abin da ban taɓa gaya muku ba, ƙararrawar ta tsage tun a motar da ta kawo ta. An rataye ta ƙasa-ƙasa a gefen cocin, an cire ƙarfen da ke buga ta. Na roƙi shugabarmu, Doña Amparo. Ta kama hannuna ta ɗora kan tsagar, ta ce, "Gumer, bugu ɗaya mai ƙarfi za ta rabe biyu. In ta rabe, me za ka ce wa tsohon?"

Ga kaset mai ƙarar ƙararrawa na haɗo miki da shi. Ki kunna masa.

Ƙanenki mai biyayya,
Gumersindo

Gumersindo,

Gaisuwata a gajarce, don a fusace nake.

Ƙararrawar wace coci ka ɗauko mana? Na aro rediyon maƙwabta, na gyara masa matashi, na kunna. Bugun farko ya juya fuska ga bango ya ce, "Wannan ba uwarku ba ce. Wannan ai mai ladabi ce." Na yi dariya, na fita bayan gida na yi kuka. Ka san ban iya ƙarya ba, ka sa na yi wa mutumin da ke bakin kabari ƙarya.

Ran Litinin ba ku da baƙi a gidan tarihi. Za mu biyo motar madara. Ko ba za ta yi ƙara ba, zai gan ta.

Eulalia

Yaya,

Ina fatan kun isa gida lafiya, hanya ba ta jijjiga shi da yawa ba. Ki yafe min batun kaset, tausayi ne ya sa ni wauta.

Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Da muka ɗaga kujerarsa muka shigar da shi ƙarƙashinta, kansa ya ɓace a ciki. Kin lura da Doña Amparo? Da ta ga ya ɗaga yatsan da ke da zoben aurensa, sai ta juya baya ta hau duba rufin coci, wai ko yana yoyo. Rufin da ni na gyara da hannuna!

Baba ya ƙwanƙwasa ta da zoben a hankali. Ni daga waje ban ji komai ba sai ɗan ƙis, kamar cokali ya taɓa kofi. Ya daɗe a ciki, ya fito bai ce min uffan ba. Ina tsoron mun wahalar da shi a banza. Ya ji wani abu kuwa? Don Allah ki gaya min gaskiya, ko da babu daɗi.

Naki,
Gumersindo

Ƙanena Gumer,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Baba ya rasu da safiyar Alhamis, cikin sauƙi. Ku taho da Rosalba, Fada, limamin coci, zai yi masa addu'a ran Asabar.

Ya ji. A mota na tambaye shi, ya ce, "Muryarta ta dushe, amma ita ce. Faɗa take yi min." Na ce faɗan me? Ya ce, "Wai na bar ta tana ta jira."

Da muka iso ya cinye wainar masara guda, ya ce in goge masa farar rigarsa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Eulalia