Awa Tara da Minti Arba'in

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan ƙasa ta gaji da jira, matata, nas ɗita,

Ina gaishe ki da kewar da babu sikelin da zai ɗauke ta a filin jirgin nan, kin kuwa san awon kaya shi ne aikina.

Awa tara da minti arba'in! Haka aka rubuta tsakanin garin nan da garin da kike. Ranar tafiyarki ni na ɗora akwatinki a sikeli, na liƙa masa takarda, na tura shi ciki, ina ta murmushin ƙarfin hali. Kika ce mini ai ba nisa, kamar wunin aiki ɗaya ne. Wunin aiki? Wallahi kin cuce ni! Wata goma sha huɗu ke nan wunin nan ya ƙi ƙarewa.

Duk Talata da Asabar jirgin garinku yake tashi. Ina auna akwatunan mutane ina jin haushinsu. Akwati fa, wanda bai san so ba, bai san kewa ba, shi zai isa inda kike, ni ina nan tsaye! Abokan aiki har tsokanata suke, wai wata rana za su tarar na liƙa wa goshina takarda na bi layin kaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi kin ce asibitin da kike aiki sun ba ki takardar ƙarin shekara biyu, suna jiran amsa ƙarshen wata, kika tambaye ni me na gani. Na buɗe baki na ce duk yadda kika gani. Kash! Wane irin baki ne wannan? Tun ranar saƙonki ya koma kalma bibbiyu. Kin ɗauka ban damu ba ko? Haba, rabin raina! Tsoro na ji kada in zama mijin da ya tare wa matarsa hanya. Ni na ga yadda kika sha karatun nan, littafi a cinya kina yanka albasa, ban san wanne ke sa ki hawaye ba. Da wane ido zan ce ki ajiye? Amma da wace zuciya zan ce ki zauna, alhali ƙusar da kike rataye farar rigarki har yau na kasa rataya mata komai? Mama kullum sai ta ce na rame, in ce mata aiki ne.

To ga gaskiyata: ba zan iya shekara biyu babu ke ba, kuma ba zan hana ki ba. Ki sa hannu.

Saura abin da na daɗe ina ɓoye miki. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a gindin jirgi, ban taɓa hawa ba, kuma ba rashin dama ba ne. Tsoronsa nake ji! In ya ɗaga hanci sama, kawar da kai nake yi. Amma jiya na je an ɗauke ni hoton fasfo, na kuma miƙa wa shugabanmu takardar neman canjin wurin aiki zuwa filin jirginku.

Zan hau, ko da ido a rufe, ko da na riƙe hannun baƙon da ke kusa da ni har mu sauka. Ke dai ki tsaya a bakin ƙofa da maganin jiri, kada kuma ki yi mini dariya sai mun isa gida.

Naki ne ni, a ƙasa ko a sama, har numfashina na ƙarshe.

Mijinki, mai awon kaya