Muzurun da Ka Bar Mana

Yaya Mamman, gaisuwa mai yawa daga Jibiya. Ya jiki, ya iyali, ya baƙunta?

Muzurun dajin nan da ka bar mana don tsaron rumbu bai taɓa kama ɓera ba, sai yakushin mutane. Shekaranjiya ya shiga akurki ya kashe kajin da hakimi ya ce mu tanadar wa Turawan da ke kafa iyaka. Dogarai suka zane Baba a ƙofar gidan hakimi, jama'a na kallo. Na ɗauko taɓarya in kashe muzurun, Inna ta riƙe hannuna, wai shi kaɗai ya rage mata naka. Har yau nono take zuba masa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida matarka. Baba bai ce in gaishe ka ba.

Ƙanwarka, Hadiza.