Kwandon Mama Ba Ya Cikin Kayan Haya

Anfushi, Iskandariyya,
farkon watan Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Midhat, a Bergen,

"Abla, muddin Mama tana numfashi, babu mai ɗaga ta daga barandar nan. Ki riƙe ni da wannan maganar." Kai ka faɗa mini, ni Ablarka, wato yayarka, ranar da kuka dawo daga binne Baba, kana tsaye a ƙofar kicin, ƙasar maƙabarta ba ta ma bushe a takalminka ba, ga hannunka a ƙirji. Ka ce in riƙe ka da ita. To, na riƙe, yau ga ta na kawo maka.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah, don fushi bai mantar da ni tarbiyyar gidanmu ba. Ina fata kana lafiya, kai da Hala da yara. Allah ya ba Hala sauƙin ciwon bayan nan, ya raya Ziyad da Malak, ya kiyaye ku daga sanyin ƙasar da kuka zaɓa. Mu ma alhamdu lillahi. Maigidana Fikri yana nan yana faɗa da likita a kan gishiri, 'yarmu Rihab tana shekararta ta ƙarshe a jami'a, ni kuma ina nan ina koyar da tarihi ga 'yan matan da suke ganin duniya ta fara ne ranar da aka saya musu waya. Mama lafiyarta ƙalau in ban da gwiwoyi. Ka san rabonta da sauka daga benen nan tun kafin rasuwar Baba. Kullum tana maka addu'a, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kwanan baya ka kira Mama ka ce abokanka biyu za su zo yawon buɗe ido, Arne da matarsa Solvai, a karɓe su. Mama ta kwana biyu tana shiri. Ta aike ni kasuwar kifi tun da sassafe, ta zauna a kujera a gaban murhu ta dafa shinkafar masunta mai soyayyar albasa da hannunta, ta sa na fito da farantan aurenta. Suka zo, suka ci, suka yaba, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne. Ana gama shayi sai mijin ya zaro awo daga aljihu, ya shiga ɗakin Baba ya fara auna bango. Mama ta jawo hannuna ta raɗa mini, "Afaf, wai su a ƙasarsu haka ake yaba gida?" Na ce mata wataƙila. Ana cikin haka mai lemo ya yi kira a ƙasa, Mama ta zura kwandonta da igiya kamar kullum, ta jawo shi cike. Matar ta tafa hannu, ta ɗauki hoto, sannan ta juyo gare ni, tunda ni ce mai jin Turanci, ta tambaye ni da fara'arta ko kwandon yana cikin kayan da za a bar musu.

A bakinta na ji komai, ba a bakinka ba. Ta ce ka ba su hayar gidan da kayansa, sun biya kafin alƙalami, da sabuwar shekara za su tare. Ta ce ka gaya musu tsohuwa ta gaji da hayaniyar unguwa, ita da kanta take son komawa sabon gida mai na'urar hawa bene can bayan gari wajen Burjul Arab. Takardar wakilcin da na sa wa hannu don ka ƙarasa mana maganar gado, da ita ka yi wannan aikin. Mama ta tambaye ni me baƙuwar take cewa. Na ce tana cewa kwandon yana da kyau. Mama ta yi dariya ta ce, "Gaya mata igiyar ma mijina ne ya ƙulla, ba a sayar da irinta." Na koma gida a tarago, jirgin ƙasanmu na cikin gari.

Solvai ta ce ka tabbatar musu rayuwa a nan kusan kyauta ce: da rabin fanshonsu za su ci kifi kullum, su biya haya, su ɗauki mai aiki, har su rage. Ina son in san a wace kasuwa ka koyi wannan. Kai da kake zuwa sau ɗaya a shekara, lokacin zafi, a tarbe ka a filin jirgi, ka ci, ka kwanta, ka yi iyo, a mayar da kai. Yaushe rabon da ka sa hannu a aljihu ka sayi kifi a garin nan? Farashin da ke kanka na shekarar da ka tafi ne, Midhat. Tun daga lokacin fam ɗin ƙasar nan ya zube sau nawa? Abin da a da yake cika kwandon Mama, yau ko gindinsa ba ya rufewa. Ni mai albashi ce, mijina mai albashi ne, kuma nama ya zama baƙon da muke gani ranar Juma'a, wata Juma'ar ma ya aiko da uzuri.

Kuma ko ɗan sauƙin da ka gani a teburin Mama, ba na garin ba ne, nata ne. Fuskarta ce. Amm Sabir mai dafaffen wake yana tsayawa ƙarƙashin baranda kowace safiya ya ƙwala kira, "Ummu Midhat! Sako kwandon kafin ya huce, ko yau ma sarauta ake ji?" Ita kuma ta leƙo ta ce, "Tsohon banza, in ka tsuga ruwa irin na jiya, a kanka zan juye!" Ya zuba mata ludayi biyu a kuɗin ɗaya. Mai gurasa yana zaɓar mata masu laushi saboda haƙoranta. Mai tukunyar gas yana hawa da ita har kicin ya ɗaura, ladansa kofin shayi da zagi. Shekara arba'in da wani abu ta yi tana zuwa musu suna da ta'aziyya kafin ta sami wannan farashin. Shi za ka sa a takardar haya? Na je wurin Ummu Ragab mai kifi na tambaye ta nawa za ta sayar wa baƙin nan. Ta dube ni ta saman tire ta ce, "Abla, mai jar fuska farashinsa daban. Ba cuta ba ce, kuɗin rana ne, tunda ita suka zo sha."

Ka gaya musu maganar gishirin teku? Yadda yake cin firji da ƙarfen taga, yadda bangon ɗakin Baba yake kumbura duk hunturu sai an kankare an sake fenti? Ka gaya musu gidajenmu an gina su ne don zafi, cewa a watan Janairu za su ji sanyin da ba su taɓa ji a ƙasar ƙanƙararsu ba, su kunna abin ɗumama ɗaki dare da rana, katin wuta ya ƙare kafin su gane inda ake saye? Ka gaya musu kuɗin asibitin kuɗi ga tsoho mai ciwon zuciya, tunda na ga Arne yana haɗiyar ƙwaya bayan abinci? Ba ka gaya musu ba, don ba ka sani ba. Waɗannan abubuwan ni nake sani. Kai kana turo kuɗi, ban musa ba, Allah ya saka. Amma kuɗin ba su da ƙafa. Ba sa hawa bene, ba sa bin layin magani, ba sa tsayawa a kan mai fenti.

Kada ka ce ƙin baƙi nake yi. Tarihi nake koyarwa, na san garin nan baƙi suka gina shi, baƙi suka cika shi, kuma duk wanda teku ta kawo mun matsa masa ya zauna. Ka tuna Madam Eleni, Bagirkiyar da ke samanmu muna yara? Kwandonta da na Mama tare suke sauka, igiyoyin su sarƙe, su yi ta zagin juna da yare biyu, da yamma kuma ta aiko mana da alawa a cikin kwandon nan dai. Amma ba a fitar da kowa daga gidansa don Madam Eleni ta sami wuri ba. Abin da ake yi yanzu daban ne. Ramzi mai guga, wanda ya goge maka kayan makaranta tun kana fitsarin kwance, an tashe shi daga shagonsa bara. Yanzu gahawa ake sayarwa a wurin, kofi ɗaya kuɗin kifin gida guda. Saurayin Rihab ya gaji da neman ɗaki biyu a unguwar da aka haife shi, duk mai gidan da ya samu sai ya ce jiran mai biya da kuɗin waje yake yi. Arhar da kuke tallatawa a can, mu muke biyan ta a nan. Ban taɓa zaton ɗan uwana zai shiga sahu ba, balle ya fara da uwarsa.

Na je na ga gidan da ka zaɓa mata, don kada ka ce na yanke hukunci ban gani ba. Yana da kyau, yana da tsabta, shiru kamar ɗakin jarrabawa. Hawa na tara. Na tsaya a barandar na leƙa ƙasa, babu abin da ke wurin sai motoci da yashi da wani kare. Ko da an sami igiyar da za ta kai, wa zai sa wani abu a ciki? Kai kana ganin kwandon nan abin sayayya ne, ita Solvai tana ganinsa abin hoto. Ƙafafun Mama ne, shi ne jaridarta, shi ne majalisarta. Yana sauka da kuɗi ya hau da labarin wanda ya haihu da wanda ya saki matarsa. Kuma hunturun da ya wuce, ranar da ta zame a banɗaki ta kasa tashi, ka san wanda ya fara ganewa? Amm Sabir ne. Ya yi kira kwando bai sauko ba, ya sake kira ba a zage shi ba, sai ya bar tukunyarsa a titi ya tara maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Ina aji aka kira ni. Mun gaya maka a lokacin, ka yi kuka a waya, ka ce a ba mutumin tukwici. A hawa na tara wa zai lura ba a zage shi ba?

In matsi ne ya same ka, bashin gidanku na can ko wani abin da ba ka faɗa ba, da sai ka kira ni ka ce Abla, na shiga uku. Ni na goya ka, na iya jin wannan. Da mun zauna mun nemi hanya. Amma ka zaɓi ka turo mutane su ci shinkafar uwarka suna auna ɗakin mijinta. Har yau ba ta san komai ba. Ta jiƙa lemon tsami a gishiri, kwalba guda, ta ce a ajiye wa abokan Midhat in sun dawo, tunda ta ga matar tana so. Jiya ma ta tambaye ni ko gadon ɗakin Baba zai ishi mutumin, ganin tsawonsa.

Ka gaida Hala, ka ce mata ban sa ta cikin wannan ba, sai in ita ta sa kanta. Ka sumbaci Ziyad da Malak. Fikri yana gaishe ka, ya ce in sassauta, na ce masa wannan ɗin ma sassautaccen ne. Rihab tana gaida kawunta. Inna Ni'imat da mutanen gidanta suna gaisuwa. Mama ta ce ka riƙa rufe wuyanka in za ka fita.

Saura magana ɗaya. Ka san guguwar da masunta suke kira Tsintsiya, wadda take buɗe hunturu a tsakiyar watan nan. Sun riga sun fara jawo jiragensu kan tudu. Kafin ta buga, ka kira Arne ka mayar masa da kuɗinsa, ka ce ka yi kuskure. In har suna son zama a garin nan, ni da kaina zan nema musu gidan da babu kowa a ciki, in gaya musu gaskiyar abin da rayuwa take ci. Sannan ka kira Mama ka faɗa mata da bakinka abin da ka so yi, ka nemi gafara. Za ta yafe, kai ne Midhat, ba ta taɓa iya fushi da kai ya kwana ba.

In kuwa ruwan farko ya sauka ban ji ka yi ba, washegari zan je ofishin rajista in soke wakilcin, in sa a canza makulli, in kawo katifata ɗakin Baba in tare. Sannan in gaya wa Mama komai. Ba a ɗaki zan gaya mata ba. Zan jira safiya, tana baranda, igiya a hannunta, Amm Sabir yana ƙasa da ludayinsa. Ka san kwandon nan ba hawa kawai yake yi da labari ba, yana sauka da shi. Kafin azahar Anfushi kaf ta ji. Shekara arba'in da biyu unguwar nan tana kiran ta da sunanka, ko da yake ni ta fara haifa. Sai ka yi tunanin da wane suna za su kira ta bayan wannan safiyar, da kuma wace fuska za ka sauko da ita daga tarago in zafi ya dawo.

Yayarka,
Afaf