An Raba Ni da Ƙaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kai da Baba da Inna kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, yanzu dai!

Albishirinka, an raba ni da ƙaba! Tun da na fara ɗaukar buhuna a sito, kumburi ya fito mini a matse-matsi, na ƙi faɗa muku. Dabarar Baba na bi: in kwanta, in mayar da shi ciki da hannu, in ɗaure da ƙyalle. Ranar Talata ya ƙi komawa, ina ta amai, abokan aiki suka kwashe ni sai asibiti. Likita ta ce hanji ne ya maƙale, saura ƙiris ya ruɓe.

Yaya, ko farke ni ba su yi ba! Huda uku suka yi, suka zura kyamara, suka shimfiɗa raga, kamar Inna tana facin gidan sauro. Washegari na taka da ƙafata.

Don Allah ka kai Baba a duba tasa, ko da yanka za a yi. In ya yi gardama, ka ce dabararsa ta kusa kashe masa ɗa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka