Tambarin Jar Gudiya

Da sunan Allah. Ni Jibrin Gado, manomin albasa a Aliero, nake rubuta wannan da hankalina cikakke, ko da yake jiki ya fara yi mini gardama. Zuwa gare ku 'ya'yana, Atiku, Zaharaddeen da Raihanatu.

Na ɗaya. Gida da gonakin fadama, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne albasarmu, Jar Gudiya, da tambarin da muke bugawa a buhunta.

Na biyu. Ba ni na fitar da irin nan ba, duk da ni ake yabo a kasuwa, kuma ban taɓa ture yabon ba. Mahaifiyarku Gudiya ce, Allah ya jiƙanta. Shekara ashirin da biyu tana shiga rumbu a ƙarshen damina, lokacin da albasar kowa ta ruɓe, tana tsince kawunan da suka tsira. Ta matsa wuyan kowace albasa, ta sansana, ta ware. Su ake dasawa a sami iri. Na sha yi mata tsiya cewa ta fi kula da albasa a kaina. Yau albasarta na isa Kumasi da Abijan ba ta yi laushi ba. Ban ga mai haƙuri irinta ba, kuma ban faɗa mata tana raye ba. Wannan yana damuna.

Na uku, kuskurena. Wani ɗan kasuwa daga Kumasi ya sauka gidanmu, ya yaba buhunanmu, ya roƙi waɗanda ba komai a ciki. Mu nan ba ma hana baƙo abin da ya yaba, sai na ɗaure masa dami biyu. Ya je ya cika su da albasar da ba tamu ba, ta ruɓe a hannun masu saye, aka ce Jar Gudiya ta lalace. Raihanatu, da kika dawo hutu daga jami'a kika ji, cewa kika yi: "Baba, ba buhu kab ba shi ba, sunan Inna kab ba shi." Na ji haushi, amma gaskiya ce. Ke kika yi ta zirga-zirga har aka yi wa tambarin rajista a nan, sannan a Gana da ƙasashen rainon Faransa, don kin ce takardarmu ta gida ba ta tsallake iyaka. Takardun su zauna a hannunki. Kada wani ya karɓe su don ke mace ce ko ƙarama.

Na huɗu. Duk manomin ƙauyukan Jiga Makera ko Dangamaji da ya roƙi iri a ba shi, haka muka taso. Amma buhu mai tambari sai albasar da Hamida, matar Zaharaddeen, ta duba, don ita Gudiya ta koya wa. Daga cikin sulusin dukiyata, a ba ta rumbun surukarta.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi. Wani kamfani na Abijan yana son sayen sunan baki ɗaya. Atiku ya ce a sayar, Zaharaddeen ya ce ko magana kada a yi da su, kuma tun ƙaramar salla ba ku ci abinci kwano ɗaya ba. Atiku, kai ka buɗe mana hanyar waje, ka kwana a bodoji kana gadin kaya, ina alfahari da kai. Zaharaddeen, kishinka na burge ni, amma taurin kan nawa ne ka kwaso. Shawarata, ku ba su hayar sunan: shekaru ƙayyadaddu, ƙasashe ƙayyadaddu, kuma albasar da muka duba kaɗai. Idan kuka sayar, albasar da kuka noma a gonarku ma ba ku da ikon kiranta da sunan uwarku.

Takardar kamfanin tana cikin akwatina, ban sa hannu ba. Na bar muku hukunci, amma ku uku za ku sa hannu, ko kuwa babu mai sawa.

Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ku da zuriyarku, ya haɗa kanku, ku riƙe ƙanwarku. Atiku, Zaharaddeen, kafin kowa ya buɗe akwatin nan, ku koma kwano ɗaya tun ina da idon gani.