Turmin da Ka Bar Mana

Sahabi, angon banza,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya jiki, ya abokan zama? Muna lafiya, ban da ɗiyarka Hajo.

Da saman cikinta ya matsa mata, kai ka bugo waya ka ce wanzami ya yi mata tsaga. Tsagar ta yi ruwa, kaluluwa ta fito a hammata. Likita a Anka ya ce ciwon cikin kuwa gubar dalma ce, ya tambayi inda muke daka gero. A turminka mana, wanda ka daka dutsen zinari a cikinsa ka tsere!

Tana shan magani, turmin kuwa na binne shi. Ka yi mata addu'a, ka gaida Kawu Bala. Ni dai na fasa aurenka, sai ka zo ka dube ta da idonka.

Kakarka,
Tumba