Takalmin Hagu

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya tarin nan naka?

Saƙonka ya iso, kuma raina bai yi daɗi ba. Ka bar kujerarka a banki ka koma koyon ɗinkin takalmi, wai zuciyarka ce ta ce can ne wurinka. Auta, zuciya ba ita ta haife ka ba. Ita ce tun kana yaro take sa ka kife mini takalma kana dubawa, ina korar ka.

Kuma ga shaida. Takalmin da ka ɗinko mini, na hagu ya fi na dama tudu. Wanda ya kasa daidaita ƙafa biyu, da me zai ciyar da iyali? Manajanku ya ce zai riƙe maka gurbinka zuwa ƙarshen wata. Zan je in gode masa, da takalmin nan a ƙafata, in biya gidan kawunka ya gani da idonsa.

Ka dawo hayyacinka.

Mahaifiyarka.

Autana,

Ina gaishe ka, da maigidan da yake koya maka aiki. Da fatan tarin ya sake ka.

Na sa takalmin. Ka san tafiyata: kafin in kai shagon mai magani ƙugu ya riƙe, sai na zauna a bencinsa. Ranar sai da na ga ƙofar banki na tuna ban zauna ba. Mai maganin har aike ya yi, wai ko fushi nake da shi.

Da na koma gida na kife tsofaffin takalmana. Kowane na hagu ya cinye ta gefe guda. Ashe abin da kake dubawa ke nan. Ni mai ƙafar ban taɓa sanin ta fi 'yar'uwarta gajarta ba.

Washegari na koma na ce wa manaja ya ba wani kujerar.

Kada kanka ya kumbura. Ɗinkin bakin ya karkace, launin kuma na 'yan mata ne. Ban da ha'inci, ban da saɓa alkawari, kada ciniki ya hana ka salla a kan lokaci.

Gwaggonka ma tana ɗingishi. Ga tsohon takalminta nan na ƙunso maka, na hana ta kai shi gyara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.